Daɓen wata guda, a shimfiɗa masa katako ko a jira?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum. Ina ƙarasa gini a Kaduna, an yi daɓen falo wata guda ke nan, kaurinsa kamar santimita 5 a kan kankare. Uwargida ta ce ita da tayil sam, katako take so, irin mai hawa-hawa ɗin nan, samansa icen gaske, ƙasansa filawud. Mai sayarwa ya ce ko gobe yaransa za su shimfiɗa tunda daɓen ya yi fari fat. Birkilana kuma ya ce in dakata. Wa zan bi?

Injiniya Bala:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, bi birkilanka. Iskar hunturu sama kawai take busarwa, ciki na nan da ruwansa. Lissafin da muke yi shi ne kwana ɗaya ga kowace milimita har zuwa 40, abin da ya haura kuma kwana biyu-biyu. Naka mai milimita 50 zai nemi kwana 60, in tagogi a buɗe suke.

Yanki leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, ka liƙe bakinta da salatif a kan daɓen, a tsakiyar falo da gindin bango. Bar ta ta kwana, aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka ga raɓa, ko wurin ya yi duhu, magana ta ƙare, da sauran jira. In ba ka ga komai ba ma kada ka saki jiki, ledar ba ta nuna danshin can ƙasa. Mai shimfiɗar ya zo da na'urar auna danshi, kada danshin da za ta nuna ya wuce kashi 75 cikin ɗari.

Tambaya ɗaya: an shimfiɗa leda a ƙasa kafin zuba kankaren?

Baban Hafsat:
Yallaɓai, na tambayi birkilan yanzu. Ya ce ba a sa ba.

Injiniya Bala:
To ka ji inda gizo ke saƙa. Duk damina ƙasa za ta riƙa turo danshi sama, katakon ya sha, bakinsa ya lanƙwashe. Kada a manna shi da gam a kan siminti tsirara. Ko dai a shafe daɓen da ifokzi mai tare danshi hannu biyu kafin gam, ko a shimfiɗa leda mai kauri, kowane falle ya hau ɗan'uwansa da santimita 20, a ɗora soso, katakon ya zauna a kai ba manni. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi, sai dai takunsa na ɗan yin ƙara.

Kafinta Ɗanjuma:
Ranka ya daɗe, ni abin da ya fi ba mu wahala shi ne tudu da kwari. Kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a wurare daban-daban. In gibin ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, a gurje tudun da inji, kwarin a cike da simintin nan mai ruwa da ke baje kansa. In an bar shi, duk takun da aka yi haƙoran katakon na motsi har su karye. A kankare ɗigon fenti da na filasta, a share ƙura tas. Kwalayen katakon su yi kwana biyu ko uku a kwance cikin falon, sannan a bar tazarar milimita 10 a jikin bango, sikatin, wato katakon da ake bi da shi gindin bango, zai rufe ta. Maganin gara kuma a zuba shi kewaye da ginin tun yanzu.

Maman Ummi:
A faɗa wa Hajiya tun da wuri, ba a kwara masa ruwa a goge kamar tayil. Tsumma mai ɗan laima kawai. Wajen ƙofa da inda ake ajiye buta, gara a sa tayil.

Baban Hafsat:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau da daddare zan liƙa ledar. Injiniya, ifokzin kafin a cike kwarin ake shafa shi ko bayan?

Injiniya Bala:
Kafin. A gurje, a share, a shafa, in ya bushe a sa firema, wato shafen da ke sa siminti ya kama, sannan a zuba na cikon.