Me za mu kira fold mountains da Hausa?

Malamin jogirafi, Kawo: Salam jama'a, masu Hausa ku matso. Ina haɗa darasin tsaunuka ma 'yan SS1, ina so in fara musu da Hausa kafin turancin, sai na zo kan fold mountains na tsaya cak. Masana dai suna raba tsaunuka ne bisa yadda suka samu, ba tsayinsu ake dubawa ba. Mai aman wuta ba matsala, kowa ya san shi, ga Kilimanjaro ga na Kamaru. Fold mountains ɗin ne na rubuta "tsaunukan naɗi" amma wallahi bai zauna min ba.

Wata malama, Samaru: Malam naɗi kam a'a, yara za su ɗauka sarauta za a ba dutsen. Kuma naɗi zagayawa ne, nan ko matsi ne. Ɓawon ƙasa ba guda ɗaya bane, manyan ɓangarori ne da ke tafiya 'yan santimita a shekara, in biyu suka yi karo sai shimfiɗun dutsen su lanƙwashe su tashi sama, tura darduma daga gefe biyu ka ga yadda take yi. Haka Indiya ta daki Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce Himalaya ya tashi, har yau bai gama tashi ba, Everest mita 8,849 amma dutsen da ke ƙolinsa a ƙasan teku ya samu, da burbushin halittun ruwa a jikinsa. Ni "tsaunukan ninki" zan ce.

Wani tela, Kasuwar Barci: Anti ninki ai har riɓi yana nufi, ninki biyu ninki uku. Mu a ɗinki tattara muke cewa in yadi ya taru ya yi tudu-tudu.

Malamar Samaru: Gaskiyarka maigida, tattara ta fi kama da siffar ma. Matsalar kawai in ka rubuta "tsaunukan tattara" mai karatu zai ji kamar tattaro su aka yi wuri ɗaya. Ninki in ka haɗa shi da tsauni ba wanda zai tafi lissafi.

Ɗalibi, Tudun Wada: To malamai Kufena da duwatsun Kajuru fa, ninkin ne su ma?

Malamin jogirafi: A'a ƙanina, waɗannan wani gida ne daban. Dutse ne mai tauri da ya narke ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta cinye mai laushin da ke kewaye da shi har ya rage shi kaɗai a fili. Zuma ma haka. Inselberg ake ce musu, Jamusanci ne, wato dutse tsibiri, amma ni "dutsen saura" nake koyarwa don ya fi faɗin yadda aka yi. In yaro na son ganin ninki a Afirka sai a nuna mai Atlas na Maroko a taswira.

Ninkin na ɗauka malama, na gode. Saura block mountains irin Ruwenzori da ke iyakar Uganda da Kongo, inda ƙasa ke tsagewa wani ɓangare ya ɗaga wani ya zauna. Na sa "tsaunukan tsaga" da fensir, mai gyara ya kawo kafin Litinin.