Musayar Waƙa: Jirgi Mai Fiffiken Alwatika

Baba Injiniya:
Assalamu alaikum. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Jirgin alwatika zan yabawa,
Lippisch Bajamushe ne mai zanawa,
Tun 1931 yake gwadawa,
Ba jela baya, sama yake hawa.

Yaƙin Duniya na Biyu na ƙarewa, Amurkawa
Suka ɗauke jirgin DM-1 na Jamusawa,
Na katako, ba inji mai turawa,
Cibiyar bincike ta Langley suka kai shi don aunawa,
Ana hura mai iska ana dubawa.

Ƙanwar Matuƙa:
Baba, sannu, ka share mana hanya,
Amma mai inji shi ke da gaskiya:
XF-92A, kamfanin Convair ya ƙera guda ɗaya,
18 ga Satumba 1948, ka jiya,
Ya tashi Muroc, hamadar Kalifoniya.

Chuck Yeager ya tuƙa shi daga baya,
Hanci sama, kamar ingarma ya tsaya,
Ya sauko sannu sannu bisa taya,
Abin da miƙaƙƙen fiffike bai iya.

Ɗan Auta:
Yaya, kin faɗa, ban musa ba,
Sai dai Ingila ba ki leƙa ba.
Kamfanin Avro na son jirgin yaƙi Vulcan, ƙato babba,
Ba su yarda su fara da shi ba,
Suka yi ƙarami don su duba.

Avro 707, 4 ga Satumba,
A 1949, ban manta ba,
Eric Esler ya hau, bai ja baya ba,
Fiffiken da ƙasarsa ba ta saba ba,
Shi ya ɗau ransa ya kai shi gaba.

Ya sake hawa 30 ga Satumba,
Kusa da filin jirgin Blackbushe, bai dawo ba.
Kwana 26, wata bai cika ba,
Jirgi ya faɗi, matuƙi bai tsira ba.

Baba Injiniya:
Ɗana, ka sa jikina ya yi sanyi. Wannan suna bai kamata ya ɓace ba.

Bayansa gwaji bai tsaya ba sam,
1952 Vulcan ya tashi ƙalau.
Can Amurka F-102 ya cije,
Gudun sauti ya gagare shi wuce,
Injiniya Whitcomb ya ce a matse masa ƙugu,
Kamar kwalba, sai ga shi ya wuce.

Ku yafe mini amsa-amon, zuciya ce ta rinjayi alƙalami.

Ƙanwar Matuƙa:
Baba, an yafe, bari in ƙara,
10 ga Maris 1956 zan tsara:
Fairey Delta 2 ya keta gajimara,
Peter Twiss, mil 1,132 a awa ya zura,
Hancin da ke sunkuyawa nan ya fara,
Shi jirgin fasinja Concorde daga baya ya ara.

Ɗan Auta:
Yaya, wannan gudu ban raina ba,
Ni dai ban bar Blackbushe ba,
Ina tsaye nan, 30 ga Satumba.