Ya zan taimaki maƙwabcina ba tare da na kunyata shi ba?

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Akwai bawan Allah da muke haya gida ɗaya a Ketu, nan Ikko, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Da acaɓa yake yi. Da aka hana acaɓa a ƙaramar hukumarmu ta Kosofe a 2022 sai ya sayar da mashin, ya koma dako a kasuwarmu. Daga baya aka cire tallafin mai a 2023, komai ya yi tashin gwauron zabi. Maiɗakina ce ta lura ana wuni ba a ɗora tukunya a ɗakinsu ba, yara sai garin kwaki. Shi kuwa ka gaishe shi, "Sai godiya," har da murmushi. Da azumi an raba shinkafa a masallacin unguwa, ya ƙi zuwa, wai akwai waɗanda suka fi shi buƙata. In na miƙa masa kuɗi na san gaisuwarmu ta lalace ke nan. Ya zan yi?

Maman Yara, Agege:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan ba aikinka ba ne, na maiɗakinka ne. Ta ƙara hannu a girki, ta aika yaro da kwano ta ce a ɗanɗana. Ranar da su ma suka samu, ko ƙosai suka aiko, a karɓa da murna, kar a ce "ai da kun bar shi". Ni tuwo nake sayarwa, na san masu zuwa su ce a zuba na ɗari uku, miya ta yi yawa. Mai yunwar gaske ba ya hayaniya.

Ɗan Idi-Araba:
Ni dai ban ga laifinsa ba da ya guji layin rabo. Kun manta abin da ya faru a Yaba a Fabrairun 2024, da kwastam suka sayar da buhun shinkafa mai kilo 25 a naira dubu 10? Turereniya ta ci rayuka, kuma da kuɗinsu suka je. Ko kasuwannin abinci na Ounje Eko da gwamnatin Ikko ta buɗe na ranar Lahadi, ragin kashi 25 cikin 100 aka yi, ba kyauta ba. Wanda aljihunsa babu ko sisi, me ragi zai yi masa?

Tsohon Direba, Alaba Rago:
Hajiya ta Agege, kwano na maganin yau, amma magidanci da ya saba ciyar da kansa, ran nan zai gane, kuma zai ji ciwo. Yaro, kai da ke da rumfa a Mile 12, ba ka da albasar da za ka ba shi bashi ya kasa a bakin titi, ya biya bayan ya sayar? Ka ce masa hannu kake nema, kuma ka riƙa karɓar kuɗinka cif-cif. Sannan ka bincika ko yana aika wa iyaye a Arewa. Da yawanmu nan rabin abin da muka samu gida yake tafiya, su can suna zaton Ikko kuɗi ake shara.

Mai Albasa, Mile 12:
Baba, yana aikawa kuwa, mahaifiyarsa na raye. Akwai motar albasa daga Aliero da nake jira jibi, zan ware rabin buhu in gwada. Hajiya, saƙonki ya isa, maiɗakin ta ce dambu za ta fara da shi.