Shuka furen Ipomoea daga iri: abin da masu lambu suka ce

Da masu lambu suka tattauna kan wannan fure mai yaɗo, ɗan'uwan dankalin Hausa, wanda yake buɗewa da safe ya rufe kafin la'asar, kusan kowa da ɓawon irin ya fara. Tauri gare shi sosai. Wasu suna ɗan kankare gefensa da abin gyaran farce, wasu kuma su jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana. Ni na fi yarda da jiƙawa, domin da safe za ka tarar ya kumbura, wani har ya tsage. Sai a binne shi kamar santimita 1 a inda zai zauna, tunda ba ya son dashe. Cikin mako guda yakan tsiro.

An fi yin gardama a kan taki. Masu ƙwarewa sun ce a rage hannu, don in ya yi yawa ganye za a samu cunkus, fure kuwa sai ƙalilan. Rana dai yana sonta sosai.

A ɗaura masa igiya ko waya siririya tun yana ƙarami, don nannaɗewa yake yi, ba ya kama bango shi kaɗai. Irin yana da guba, a ɓoye shi daga yara.