Neman kalma: me za mu kira "bead" na kwancin bayan akori-kura?

Mai Guduma: Salamu alaikum jama'a. Ana rubuta bayani da Hausa don yaran gareji kan yadda ake ƙera sabon kwancin baya, wato shimfiɗar ƙarfen da ake ɗora kaya a kai, na tsohuwar akori-kura, irin Peugeot 404 da 504, idan tsatsa ta cinye na asali. An samu kalmar komai, sai waɗannan dogayen layuka masu tudu da ake matsawa a jikin farantin ƙarfen, waɗanda Turawa ke kira "bead", injin kuma "bead roller". Wani ya fassara da "dutsen ado", abin da ko kusa bai shafi aikin ba.

Na Kakuri: Wa alaikumus salam, Oga. A fara da aikin layin tukuna. Farantin ƙafa 4 da ƙafa 8, mai kaurin milimita 1.2, idan aka shimfiɗa shi sumul a kan ƙarafan gicciye, mutum na takawa zai lotsa ya dawo da ƙara kamar gwangwanin mai. Layukan nan ne ke ba shi tsauri ba tare da an ƙara kauri ba. Don haka ni "jijiya" nake gani.

Baba Makeri: Jijiya ta faɗi amfanin, amma ba ta nuna siffar ba. Ku dubi gona. Tudu, kwari, tudu, kwari, duk sun miƙe gefe ɗaya, ruwa na bin kwarin yana fita. Haka kwancin motar yake: layukan suna tafiya daga bayan kan mota zuwa ƙofar baya don ruwa ya gangara. Sunan wannan tudun kunya, jam'i kunyoyi. Aikin tayar da ita kuma huɗa. Ka ce wa yaro "yi wa farantin nan huɗa", ya gane nan take.

Na Kakuri: Baba, a rubuce za a ɗauka kunyar jin nauyi ce. Ina laifin "haƙarƙari"?

Baba Makeri: Haƙarƙari a bar wa ƙarafan gicciye da ke ƙarƙashi, su ne ke ɗauke da kwancin a kan shasi. Batun ruɗani kuwa, babu manomin da ya taɓa rikicewa. A rubuta "kunyar faranti" a karon farko, ya wadatar.

Malamin Walda: Ina bayan Baba, kuma ga dalilin da ya fi ƙarfi. Manomi ya san ƙasar kunya daga gefe ake jawo ta. Ƙarfe ma haka. Kunya mai faɗin milimita 25 da tudun 5 ko 6 tana cin ƙarfe fiye da shimfiɗaɗɗen wuri, sai ta ja daga dama da hagu. Idan ta tsaya kafin bakin faranti, tsakiya ta tsuke, baki bai tsuke ba, sai farantin ya murɗe ya ƙi kwanciya. Maganinsa a fara miƙar da ƙarfen a kan layin kafin huɗa: a zana layin, a bi shi da guduma mai sulɓin fuska a kan uwar maƙera, sannu a hankali, har ya ɗan kumburo. Sannan a sa a inji. Kada a matse gaba ɗaya. Sau uku ko huɗu ake bi, ana ƙara matsi kaɗan kaɗan. A fara da kunyar tsakiya a yi waje, ɗaya dama ɗaya hagu. Mutum biyu ake so, ɗaya na juya hannun inji, ɗaya na riƙe farantin a kan layi.

Idan faci ne kawai, a ɗauki awon tsofaffin kunyoyin da kwali, faɗi da zurfi da tazara, don sabbin su haɗu da su baki da baki. Kada a ɗora faci a kan tsohon ƙarfe, ruwa zai kwanta tsakani tsatsa ta dawo. A bar tazarar kusan milimita 1 tsakanin bakin facin da na tsohon ƙarfe, a ɗiga walda nan da can, ana tsallakawa ana barin ya huce. Dogon layin walda a tashi ɗaya shi ke lanƙwasa faranti. Farantin da aka shafe da tutiya kuma a goge bakinsa kafin walda, hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Mai Guduma: Madalla. To amma Turawa na kiran layin walda ma "bead". Kuma akwai naɗin bakin faranti a saman bangon kwancin.

Malamin Walda: Wancan layin walda ne, haka kowa ke cewa, a bar shi. Naɗin baki kuwa teloli sun riga sun ba mu: kalmasa.

Na Kakuri: Na janye jijiya. Sai dai idan an matsa layin ya nutsa ciki, kamar yadda ake yi a wasu bangwayen gefe, a kira shi kwari, kada a ce kunya.

Mai Guduma: An amince. Za a rubuta kunya ga mai tudu, kwari ga mai zurfi, huɗa ga aikin, injin huɗar faranti ga injin. Baba, gobe za a turo maka shafin farko ka duba.