Mu da muka yi gudun 2014 zuwa Yola: me ya riƙe ku?

Dattijon Ikilisiya: Salama a gare ku, 'yan'uwa. Manzo Bulus ya ce a Romawa 12:15 mu yi murna da masu murna, mu yi kuka da masu kuka. Yaranmu sun haddace ayar, amma yawancinsu ba su da wayo lokacin da Boko Haram suka ci Gwoza a watan Agusta na 2014, suka gangaro Madagali da Michika, suka shiga Mubi ranar 29 ga Oktoba. A ranar ce kuma suka afka wa hedikwatar cocinmu ta EYN (Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi, har shugabanninmu suka koma Jos da zama. Ba lissafin asara nake nema ba, wannan kowa ya san nasa. Ku gaya wa yaran nan abin da kuka gani na zumunci a cikin wahalar.

Maman Tagwaye: Baba, sannunku da wannan tunani. Mu daga Michika muka fito a watan Satumba, muka tsaya Mubi muna cewa mun tsira, ashe da sauran tafiya. Da muka iso Yola, a harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa muka sauka. Ni 'yar EYN ce tun kakanni, kuma a gida ana yi mana kashedi da ɗarikar da ba tamu ba. Babu wanda ya tambaye ni katin baftisma. Tabarma aka miƙo mini.

Abin da ba na mantawa shi ne zaman makoki. Kusan kowace safiya sai waya ta shigo: an ga gawar wane a bakin dutse, an kashe mijin wance a gona. Babu gawa a gabanmu, babu kabari, babu dangin da za su zo gaisuwa da hatsi kamar yadda muka saba. Sai matan da ke kusa su zama dangin. Margi, Kilba, Fali, mu Kamwe, duk mu kewaye matar mu zauna. Wadda ba ta jin yarenki sai ta ɗauko waƙar Hausa ta sujada, kowa ya kama. Ranar da labarin ƙanena ya zo, wata tsohuwa Bamargiya ce ta riƙe kaina a cinyarta har rana ta yi tsaka. Da yamma ita ce ta sa ni dariya, tana kwaikwayon yadda ta haye dutse da akuya a kafaɗa alhali a gida jikoki ne ke ɗauko mata sanda. Na yi dariya har na ji kunya. Ta ce, “Yi abarki 'yata, Ubangiji bai hana ba.”

Ɗan Hong: Mama, Allah ya ƙara ta'aziyya. A tuna kuma cewa yawancin masu gudun ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka cika. Yayana yana haya a Jimeta, ɗaki biyu, amma da dare sai ka tsallake ƙafafu kafin ka kai ƙofa. Mai gidan Musulmi ne. Ya buɗe mana shagonsa na zaure maza su kwana, bai ƙara ko kwabo a kuɗin haya ba. Ran Lahadi matarsa ke tsare mana tukunya.

Malamar Makarantar Lahadi: Ni Kamaru muka faɗa ta kan duwatsu, daga baya muka zagayo. Kirsimetin shekarar ba shinkafa, ba sabon zane. 'Yan zumuntar mata suka haɗa kai ba tare da tambayar wace coci ba, ECWA, LCCN, Katolika da mu, aka samo tulu da kacau-kacau aka yi waƙa. Ban taɓa rawa da hawaye a fuska ba sai ran nan.

Mai Shago a Michika: Ku yi haƙuri, zan ɗan ɓata zancen. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, na gani. To amma da sojoji suka ƙwato Michika a farkon 2015 muka koma, me ya faru? Zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, kowa na tuhumar wani da nuna gidansa. Har kasuwa ta rabu, Kirista da ranarsu, Musulmi da tasu. Mu kanmu masu bi, da aka fara rabon kwanon rufi da iri, sai ga maganar ɗarika da ƙabila ta dawo. A Yola yunwa ce ta daidaita mu. Shi ya sa nake tambaya, haɗin kan nan na bangaskiya ne ko na dole?

Dattijon Ikilisiya: Ɗana, ba ka ɓata komai ba, tambayar tana kan hanya. Ni dai na ce ko da dole ce ta fara tara mu, ba dole ce ta sa tsohuwar nan ta riƙe kan Maman Tagwaye ba. Kuma akwai wanda ya ɗore bayan yunwa ta wuce. A 2021 Bishof Stephen Dami Mamza na Katolika a Yola ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi don waɗanda ba su iya komawa gida ba, ya gina coci, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Wasu Kirista sun yi gunaguni sosai a kan masallacin. Ni ina ganin ya yi daidai, tunda tare suka gudu.

Maman Tagwaye: Ɗan'uwa Mai Shago, maganar kasuwa ta yi mini ciwo nima. Amma mu matan da muka zauna makoki tare ba mu watse ba. Muna adashe har yau, kuma duk wadda aka yi wa rasuwa ko za ta aurar da 'ya, mota muke cikawa mu je, ko Lassa ne ko Uba.

Mai Shago a Michika: To Mama, ku mata kun fi mu. Baba, idan za a tara yaran a yi musu wannan bayani, a gayyato maƙwabtanmu Musulmi da suka yi gudun tare da mu, su ma su faɗi nasu. Ni zan kawo benci.