Aikin gidan ɗana ya fi ƙarfina, ku ba ni shawara

Wata uwa, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana aji uku na firamare, kuma kusan kullum sai ya dawo da aikin gida, ko lissafi ko Turanci. Ni allo da islamiyya na yi, a boko Hausa kawai nake iya karantawa. Babansa ya tafi ci-rani Legas. Yaron yana tasowa da azahar, ya ci abinci, ya yi wa awaki ciyawa, la'asar ya wuce islamiyya sai magariba. Bayan isha'i da na haska masa tocila sai gyangyaɗi. Yayansa da ke ƙaramar sakandare ne ke rubuta masa, yanzu kuma malamin ya aiko cewa wannan ba hannun yaron ba ne. Yaya zan yi?

Malamin firamare, Gumel: Wa alaikumus salam. Malama, ki fara dakatar da yayan nan. Ba don littafi ya yi kyau muke ba da aikin gida ba, so muke mu ga inda yaro ya cije. Idan ya kawo lissafi biyar, uku ba daidai ba, amma da hannunsa, na san abin da zan maimaita gobe. Idan duk daidai ne da hannun wani, sai in wuce gaba in bar shi a baya ban sani ba. A haka yaro ke kaiwa aji shida bai iya haɗa baƙi ba. Yayan ya zauna kusa, ya karanta masa tambaya, ya fassara, amma fensir ya zauna a hannun mai aikin. Ɗan aji uku minti ashirin ya ishe shi. Abin da bai gama ba a mayar mana haka.

Wata uwa, Ɗambatta: Yaya, lissafi ai kin iya shi, wa ke ba ki canji a kasuwa? Ni ƙwallon dabino nake zuba wa 'yata a faifai. In an ce huɗu sau uku, ta yi kashi uku, huɗu-huɗu, ta ƙirga. Kuma ki bar batun dare. Da ya gama cin abincin rana ki shimfiɗa masa tabarma a inuwa, awaki su jira.

Wani magidanci, Kazaure: Ni fa ina ganin malaman ma su sassauta. Ga kaka ta zo, ana yankan gero ana cirar gyaɗa, yaro ya wuni a gona, a ce kuma ya cika shafi biyu da Turancin da ko a aji bai gane ba?

Malamin firamare, Gumel: Alhaji, kana da gaskiya a nan. Aikin da ba a koyar a aji ba bai kamata ya bi yaro gida ba.

Wata 'yar kwamitin makaranta, Bichi: Baiwar Allah, ki je makarantar da ƙafarki, kada ki tsaya aike. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBE) ta 2004 karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, haƙƙin yaro ne, kina da bakin magana. Ki gaya wa malamin halin da gida yake ciki. In kina jin nauyi, ki nemi matan da ke cikin kwamitin kula da makaranta (SBMC) na garinku su raka ki wajen hedimasta.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To Turancin fa, Malam, tunda ba na ji?

Malamin firamare, Gumel: Ki sa ya karanta miki da ƙarfi yana bin layi da yatsa, sannan ki ce ya gaya miki da Hausa. Inda ya yi shiru ko ya fara kame-kame, ki sa masa ɗigo da fensir, da safe ya nuna wa malaminsa.